Tokar Baturiya da Bindigar Yaya

Lokacin da wan mijina ya sauka a gidanmu na Catford, ban cika shekara a Landan ba. Gwamnatin jiharmu ce ta tura maigidana karatun akanta, ni kuma na biyo shi da tukwanena da ƙullin kuka da busasshiyar kuɓewa. Muna zaune a saman wani tsohon gida, flat mai ɗaki biyu da kicin wanda in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya tsuke ciki. Mai gidan tana ƙasa, wata tsohuwar Baturiya da mijinta ya rasu. Iya muke ce mata a tsakaninmu, ita ba ta ma sani ba.

Zamanin kuɗin mai ne. Duk wanda ya samu kwangilar gina ajujuwa biyu a gida, sai ya wayi gari da ciwon bayan da ba mai iya duba shi sai likitan Landan. Yaya yana cikinsu. Ya ga likita sau ɗaya, aka ce ya rage cin nama, ya fito ya ce likitan yaro ne. Sauran zamansa duk a kantuna ya yi shi. Mutum ne ƙato mai murya, yana ɗora kwat ɗin sanyi a kan babbar riga, sai ya cika ƙofar bas shi kaɗai. Ni Amarya yake kirana, ƙaninsa kuma Akanta, tun kafin ya ci jarrabawa.

Sai an san wani abu kafin a gane wahalar da na sha. A gidanmu matar ƙani ba ta musu da wan miji, ba ta kuma yin dariya a gabansa. Maigidana ma, da Yaya ya yi masa ɗawainiyar makaranta tun daga firamare, iyakarsa ya ce "ina jin" ko "kamar dai". In Yaya ya ɗaga gira, ya janye.

Wata Juma'a suka tafi salla masallacin Regent's Park. A hanyar dawowa Yaya ya hango wani shagon kayan gwanjo ta tagar bas, ya ce a sauka. Da suka shigo gida Yaya ne a gaba da kwali a hammata, maigidana na biye da fuskar wanda aka taka wa ƙafa a sahu.

"Amarya, share mana teburin nan."

Na kwashe kwanuka. Ya buɗe kwalin a hankali. Bindiga ce, ƙarama ta hannu, baƙa wuluk. Na ja da baya har na bugi firji.

"Ba ta wuta ba ce, ta iska ce," in ji maigidana da sauri. Ya nuna mini yadda ake karya ta a tsakiya, a sa ɗan harsashin dalma kamar ƙwayar dawa, sifirin da ke cikinta, wata murɗaɗɗiyar wayar ƙarfe, ya tunkuɗo iska.

Yaya ya ce ƙadangarun sabon gidansa ya saya wa, sun raina shi, har a kan kujerar falo suke yi masa jinjina da kai. Ya ƙara da cewa harbi a jininsu yake, kakansu maharbi ne. Daga baya na tambayi maigidana, ya ce shi dai a saninsa goro kakan nasu yake sayarwa.

Yaya ya juya bindigar a hasken taga, ya ɓata rai.

"Abu ɗaya ne ya ɓata ta. Dubi dauɗa. Tun da aka ƙera ta ba wanda ya goge ta."

"Yaya, ina jin haka aka yi ta," in ji maigidana. "Kamar dai da gangan aka sa mata baƙin."

"Da gangan? Ka taɓa ganin kaboyi da baƙar bindiga a silima? In ya zaro ta walƙiya take yi har bayan kujeru. Mutanen da ba sa wanka in sanyi ya shigo, bindiga za su wanke? Amarya, kawo toka da lemon tsami."

Lemon tsami ina da shi. Toka kuwa, a gidan da ake girki da gas, ina zan same ta? Na faɗa masa cikin ladabi. Ya dube ni kamar na ce babu ruwa a garin.

"Gari guda ba toka?"

Maigidana ya tuna cewa Iya tana da murhun ɗumama ɗaki a falonta, tana sa masa gawayi. Ya ce shi namiji ne, bai dace ya je roƙon toka ba. Ya koya mini kalmar, na yi ta maimaita ta a kan matakala ina sauka da kwano a hannu.

Turancina a lokacin bai wuce gaisuwa da sayen madara ba. Iya ta buɗe ƙofa, na gaishe ta, na ce, "Ash." Ta zaci atishawa na yi, ta yi mini addu'arsu ta miƙo mini hankici. Na sake faɗa. Ta ce "oh", ta shiga ciki ta fito da farantin da mijinta yake kaɗe sigari a kai, tana kallona da mamaki da ɗan tausayi. Na girgiza kai. Sai ta zaunar da ni ta haɗa mini shayi, don ita duk abin da ba ta gane ba shayi ne maganinsa. Ina gama sha na durƙusa gaban murhun na nuna da yatsa. Ta dube ni, ta dubi murhun. Sannan ta ɗauko cokalin miya ta cika mini kwanon, har ta tsince manyan gawayin, ta rufe da takarda. Na daɗe kafin na san cewa ta ɗauka a miya muke zubawa, har ta gaya wa maƙwabta.

Yaya ya naɗe hannun riga, ya shimfiɗa jarida, ya kwaɓa toka da lemon tsami, ya nemi tsumma. Da ban kawo da wuri ba, ya miƙa hannu kan igiyar shanya ta kicin ya fizgo singiletin ƙaninsa. Ya dirje gefen bindigar yana nishi. Can sai tsumman ya yi baƙi, wani ɗan fili fari kamar ƙwandala ya bayyana a jikin ƙarfen.

"Akanta! Zo ka ga abin da aka yi da gangan."

Maigidana ya leƙa, ya ce, "Lallai kam."

Daga ranar teburin kicin ya tashi daga hannuna. A ƙasa nake yanka albasa. Toka ba ta cin ko'ina daidai, sai bindigar ta koma dabbare-dabbare kamar akuyar ƙauye, fari nan, baƙi can, wani wurin ruwan ƙasa. Yaya ya ce dauɗar ta shekara da shekaru ce, sai an haɗa da ƙarfi. Ya karɓe soson ƙarfen da nake wanke tukunya da shi. Ya ƙarar da man goge bakinmu, da buroshin ƙaninsa yake shiga lungunan. Ya aiki maigidana ya sayo samfefa da wani man goge ƙarfe mai warin da ke hawa kai. Aka sake tura ni wajen Iya, wannan karon ina buga ƙofa ta fito da kwanon toka a shirye, ta tambaye ni ko ta yi daɗi.

Kantuna suka huta. Da ya idar da sallar asuba sai ya zauna, ya ɗaura zanena a wuya kamar mai aski don kada rigarsa ta ɓaci, yana gogewa yana waƙa ƙasa-ƙasa. Yatsunsa suka yi baƙi har cikin farce. In na wuce zai ɗaga ta ya ce, "Amarya, kina ganin fuskarki?" In ce, "Saura kaɗan, Yaya." Gaskiya kuma ta fara kyau. Ban taɓa faɗa wa maigidana ba, amma akwai safiyar da na tsaya na gyara ɗaurin ɗankwalina a jikinta.

Ranar Asabar muna da baƙon tuwo na kullum, wani likita mutumin Zariya da ke aiki a wani asibiti wajen Whitechapel. Gwauro ne, yana hawo jirgin ƙasa tun daga can don miyar kuɓewa kawai. Ya tarar da bindiga na sheƙi a kan jarida, ya ɗauka ya jinjina, ya leƙa bakinta da ido ɗaya kamar yana duba maƙogwaro.

"Alhaji, waje ya yi. Amma ciki fa? Mu a aikinmu, in waje ya yi kyau, ciki muke tsoro."

Na ga maigidana ya rufe ido.

Ba mu da sukurudireba, sai suka ɗauki wuƙar shafa bota. Ni ina gefe a gaban murhu ina kaɗa miya, na ba su baya, ina jin Likita yana ba da umarni. Kusoshi suka fita ɗaya bayan ɗaya, ana jera su a murfin kwano. Saura wani murfi a can bayan bindigar da ya ƙi juyawa. Yaya ya ce a ba shi. Ya danne bindigar a jikin cikinsa, ya murɗa da ƙarfinsa duka.

Ban ga abin da ya faru ba, ji na yi. Wani abu ya yi ƙara, ya daki silin, ya daki firji, ya wuce ta gefen kunnena. Da na juya, Likita yana ƙarƙashin tebur, maigidana ya manne da bango, Yaya kuma yana zaune da rabin bindiga a kowane hannu yana salati.

"Sifirin ne," in ji Likita daga ƙasa. "Kowa ya duba jikinsa."

Ba wanda ya ji ciwo, amma sifirin ya ɓace. Maza uku suka rarrafa a kicin ɗin da ba ya ɗaukar mutum biyu. Aka jawo firji, aka zazzage kwandon shara, aka leƙa cikin takalma. Likita ya ce wataƙila ya fita ta taga, aka tuna masa tagar a rufe take tun shigowar sanyi. Da suka gaji Yaya ya ce a ci abinci, ciki da yunwa ba ya nema.

Na kwashe tuwo, na zuba wa Yaya miya a babban kwano, shi ne babba. Na koma bakin ƙofa. Ya yi bisimilla, ya yanki loma ya tsoma, sai hannunsa ya tsaya. Ya laluba. Ya ɗago abin a hankali, dogo, a murɗe, kuɓewa na zarara daga kowane zagaye nasa har cikin kwano ba ta tsinke ba.

Na ciji gefen mayafina har na ji zare a haƙorina.

Yaya ya dubi sifirin, ya dube ni, ya ce, "Amarya, miyar nan ta yi yauƙi yadda ake so." Ya ajiye shi a gefen faranti ya ci gaba da cin tuwonsa.

Mayar da shi ciki ya fi fitar da shi wuya. Sun wanke shi da sabulu, suka goge shi da toka shi ma, amma da an danna sai ya tunkuɗo. A ƙarshe suka tokare bindigar da jikin ƙofa, Yaya na turawa da ciki, maigidana na tura Yaya, Likita na murɗa murfin yana cewa "a ƙara, a ƙara". Iya ta bugo silin ɗinta da sandar tsintsiya. Da murfin ya kama, kusa ɗaya ta yi saura a murfin kwano. Likita ya ce ba komai, a jikin mutum ma akwai abin da in an cire ba a rasa komai.

Yaya ya ce saura mai. Ya hango kwalbar man gyaɗan da mahaifiyata ta aiko mini, wanda nake ɗiga shi kamar turare. Ya tsiyaya a kowace kafa da ya gani, har yana ɗiga ta baki. Ya ce ƙarfe ma yana son daɗi.

Washegari rana ta ɗan fito, Yaya ya ce ranar gwaji ce. Likita ya dawo, ba don tuwo ba wannan karon. Muka sauka ɗan lambun da ke bayan gida, mai shingen katako da ciyawa da 'yan furanni. A tsakiyar furannin akwai wani mutum-mutumin siminti, ɗan wada mai jar hula da farin gemu da ƙaton hanci, yana riƙe da sandar kamun kifi. Tun zuwan Yaya yake harararsa ta taga, yana cewa gunki a gidan da yake salla.

Maigidana ya ɗora gwangwanin tumatir a kan murfin bola, a can ƙarshen lambun, nesa da ɗan wadan sosai. Yaya ya karya bindiga, ya sa harsashi, ya ware ƙafafu, ya gyara hula. Ƙarfen na ɗaukar ido har Likita ya kare fuska. An ce mini irin wannan bindigar 'yar ƙara take yi kamar an buɗe kwalbar lemo, don haka ban toshe kunne ba.

Ta yi ƙara kamar tayar keke ta fashe. Hayaƙi ya fito ta baki, shuɗi, ya tsaya a iska. Tattabarun unguwar suka tashi gaba ɗaya. Sai ƙamshi ya biyo baya, ƙamshin ƙosai sak, irin na bakin tasha da safe. Likita ya shaƙa ya ce, "Ikon Allah."

Gwangwani na nan daram. Muka duba shinge, ba huda. Maigidana ne ya fara gani, ya nuna da leɓe. Ɗan wadan na tsaye da sandarsa, babu hanci.

Yaya ya hura bakin bindiga ya ce, "Dama shi na auna."

Ƙofar baya ta buɗe, Iya ta fito da silifas da rigar sanyi, tabarau a hannu. Yaya ya mayar da bindigar bayansa.

"Akanta, gaya mata kuskure ne."

Maigidana ya fara ba da haƙuri da dogon Turanci. Iya ba ta saurare shi ba. Ta taka har gaban ɗan wadan, ta sa tabarau, ta sunkuya ta daɗe tana kallon ramin da ke tsakiyar fuskarsa. Kafaɗunta suka fara rawa. Na zaci kuka take yi, har na matsa in riƙe ta. Ashe dariya ce. Ta yi ta har ta zauna a kan ciyawa. Da ta samu numfashi ta yi magana, maigidana ya fassara: ƙanwar mijinta ce ta kawo mata shi tun tana amarya, matar da ba su taɓa shiri ba, kuma duk lokacin da aka yi iska mai ƙarfi sai ita Iya ta leƙo ta ga ko Allah ya sa ya faɗi. Tana tambaya ko Alhaji zai iya cire masa hular ma.

Yaya ya kumbura don jin daɗi. Ya ce a gaya mata ƙaramin aiki ne. Ya sake ɗurawa, ya matsa kusa, ya rufe ido ɗaya, ya daɗe yana auna jar hular. Ya ja kunama.

Gwangwanin tumatir, can a ɗaya ƙarshen lambun, ya yi tsalle ya faɗo daga kan bola.

Nan nawa haƙurin ya ƙare. Na tattare zani na hau matakala da gudu, na shige banɗaki na kulle, na buɗe famfo har ƙarshe, na zauna a bakin baho na yi dariyar da na tara tun ranar da aka aike ni neman toka. Na yi har cikina ya ƙulle. Ina cikin haka aka ƙwanƙwasa. Maigidana ne, idonsa jajur, yana raɗa: "Buɗe, don Allah, ni ma ina so in shigo."

Da muka fito muka tarar Iya ta kawo shayi da biskit lambun, tana zaune kusa da Yaya, yana ba ta labarin farautar kakansa da Hausa, tana gyaɗa kai.

Ba a jima ba bindigar ta fara nuna halinta. Landan gari ne mai laima, kicin ɗina kuma kullum cikin tururi. Wata safiya Yaya ya buɗe kwali ya tarar da ɗige-ɗige ja a jikinta, kamar ta yi ƙyanda. Ya goge. Washegari suka dawo da 'yan'uwansu. Duk inda yatsa ya taɓa sai shatinsa ya fito da tsatsa. Ya ce iskar garin ce ba ta da albarka. Ya koma ɗaukarta da hankici, yana kwana da ita a ɗakinsa a naɗe cikin safa, ya hana ni dafa ruwa in tana kicin.

Da Yaya ya yanki tikitin komawa, maigidana ya ce, "Yaya, ina jin kamar dai za su yi magana a filin jirgi." Yaya ya ce wa zai yi magana a kan abin harbin ƙadangare. Duk da haka na ga ya cusa ta can ƙasan babban akwati, tsakanin bargo da injin markaɗe. Iya ta fito har bakin titi ta yi masa ban kwana, ta ba shi gwangwanin biskit cike da toka, ta ce na hanya.

Sai da maigidana ya gama karatu muka koma gida na sake ganinta. Mun je gaishe su a sabon gidan, ƙadangaru na kwance a kan katanga, manya-manya, ba wanda ya motsa da shigowarmu. Na shiga wajen matar Yaya. Na tarar ya saya mata ƙatuwar firiza, ta fara sayar da ƙanƙara ga masu zoɓo da kunun zaƙi na unguwa. Muna gaisawa wata mata ta yi sallama tana son rabin dunƙule. Matar Yaya ta ɗora ƙanƙarar a kan turmi, ta miƙa hannu bayan firiza ta jawo bindigar, ta kama ta ta baki, ta sauke ƙotar sau ɗaya. Ƙanƙara ta rabe biyu daidai.

"Yaya ya sani?" na tambaye ta.

"Shi ya ba ni. Ya ce tunda ya dawo da ita ta daina harbi, ruwan teku ne ya shige ta a jirgi." Ta goge ta da gefen zani ta mayar. "Ke dai kin ga guduma? Na karya muciya biyu kafin na same ta. In za ku sake komawa can, ki sayo mini wata."